ROKAR SOJAN RASHA DA TAURARON NIJERIYA NA FARKO

Mai karatu, kafin a san wani abu wai shi tauraron dan Adam, fataken da ke ratsa kasar Kabi zuwa Gwanja da taurarin Allah suke gane hanya in dare ya yi. Haka masu jiragen ruwan Turai suka yi shekara da shekaru. Matsalar ta taso ne da aka kera jirgin yaki mai tafiya karkashin teku. Wanda ke dauke da makami mai linzami dole ya san daidai inda yake kafin ya harba, in ba haka ba sai ya yi harbin iska.

Wannan ne ya sa Tarayyar Sobiyat ta harba tauraronta na farko na nuna hanya a 1967, sannan a 1974 ta fito da wanda ake kira Parus. Na sojan ruwa ne zalla. Yana shawagi kimanin kilomita 1,000 sama da kasa, yana aiko da sako ta rediyo, jirgin kuma ya lissafa inda yake. Kusan dari aka harba, na karshe a 2010, duk da roka samfurin Kosmos-3M daga sansanin Plesetsk, can arewacin Rasha cikin daji da kankara. Sansanin na sirri ne. Abin dariya, wani malamin makaranta a Ingila, Geoffrey Perry, shi da dalibansa ne suka tona asirinsa a 1966, ta hanyar sauraron sakonnin taurarin da lissafi kawai.

To ina ruwan mutumin Argungu da wannan labari? Da Sobiyat ta wargaje a 1991, aljihun Rasha ya bushe, sai rokar soja ta koma daukar kayan haya kamar motar kasuwa. Ranar 27 ga Satumba 2003, Kosmos-3M ta tashi daga Plesetsk din nan dauke da NigeriaSat-1, tare da na Turkiyya da na Birtaniya da wasu. Kamfanin Surrey na Ingila ne ya kera shi, injiniyoyinmu na koyon aiki a gefe, zamanin mulkin Obasanjo. Nauyinsa kusan kilo 100, wato buhun shinkafa biyu.

An sha surutu a lokacin. Wasu na cewa kasar da ba ta da wutar lantarki me ya kai ta sama? Ni ina ganin masu wannan magana ba su dubi fadama ba. Tauraron ba na nuna hanya ba ne, na daukar hoto ne. Ba ya iya ganin kwalekwale a Matan Fada, don abin da bai kai mita 32 ba ya fi karfin idonsa, amma hotonsa daya na daukar fadin kilomita 600. Ashe ke nan kwarin Rima tun daga Goronyo har Birnin Kebbi yana shiga hoto guda, a ga inda ruwa ya malala da inda ya dosa. Hotunansa sun yi amfani a Amurka bayan guguwar Katrina a 2005. A 2010 kuwa, da ambaliya ta cinye gonaki da kauyuka a Sakkwato da Kebbi, yana nan sama yana zagayawa. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, wace hanya hoto ke bi daga ofis a Abuja ya isa wurin mai shinkafa kafin ruwa ya iso?

A 2011 aka harba magadansa guda biyu, su ma daga Rasha, a kan rokar Dnepr wadda asalinta makamin nukiliya ce. Shi kuwa ya yi ritaya a 2012.

Parus ma an yi masa magaji, wato GLONASS, wanda aka fara harbawa a 1982, ya cika taurari 24 a 1995, ya lalace don rashin kudi, sannan aka sake cika shi a 2011. Yawancin wayoyin zamani na karbar sakonsa tare da na GPS din Amurka, har da wadanda ake sayarwa a kasuwar Birnin Kebbi.