Tururi a Ɗakin Fiɗa: Daga Mosko da Danzig zuwa Yau

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba wata dabarar likitanci da ta yi tashe a Turai a ƙarshen ƙarni na 19, aka watsar da ita, sannan ta dawo bayan kusan shekara ɗari. Dabarar ita ce ƙona nama mai cuta a cikin jiki da tururin ruwa. Kada mai karatu ya haɗa ta da surace irin namu na gida, domin wannan tururin kashe naman yake yi.

Dalilin zaɓen tururi a fili yake. Giram 1 na tururi, idan ya koma ruwa, yana sakin zafi kimanin kalori 540, alhali giram 1 na tafasasshen ruwa kalori 1 kawai yake saki idan ya huce da digiri 1. Ga shi kuma yana kutsawa lungunan da ƙarfe mai zafi ba ya kai wa.

Likitan mata na Mosko, Vladimir Snegirev, shi ne ya bayyana aikin ga likitocin Turai a 1894, yana tsai da zubar jini da shi. Daga nan Ludwig Pincus, likita a Danzig (Gdansk ta ƙasar Polan a yau), ya gyara na'urar: ƴar tukunya a kan wuta, da ma'aunin zafi, da siririn bututu da ake zurawa cikin mahaifa. Ya raba aikin gida biyu. Idan tururin da kansa ya taɓa naman, ya kira shi atmokausis. Idan a rufe yake cikin bututun ƙarfe yana ɗumama shi, zestokausis. A 1903 ya fitar da littafi sukutum a kan haka.

Dole mu yi wa mutanen nan adalci. Macen da jini ya ƙi tsaya mata a wancan zamani, abin da ke gabanta shi ne kankare mahaifa ko cire ta ɗungum, kuma babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, ƙarin jini ma bai kankama ba. Amma likita ba ya ganin inda tururin yake zuwa, ba ya kuma sanin zurfin ƙunar. Agogo ne kawai jagoransa. An sami matan da bakin mahaifarsu ya toshe, da waɗanda mahaifar ta manne, haila da haihuwa suka yanke tun suna da ƙuruciya, an kuma yi asarar rayuka. Da aka fara magance irin wannan jini da radiyom da hasken X a farkon ƙarni na 20, sai aka ajiye tukunyar.

A ganinmu, tururin ba shi da laifi, awo ne babu. Na'urar Rezūm, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2015 don kumburin furostat (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, mai hana tsofaffi fitsari), tana aiki da tururi mai zafin digiri 103 ko kusa da haka. Likita yana kallo ta madubin da ya zura a hanyar fitsari, ya soka siririyar allura cikin naman, na'urar ta saki tururi na sakan 9, ta yanke da kanta. Naman da ya mutu jiki ne ke shanye shi cikin makonni. A 2017 hukumar ta amince da wata na'urar tururi don ƙona shimfiɗar cikin mahaifa, wato aikin Pincus ke nan, sai dai yanzu ana keɓe shi ga matan da suka gama haihuwa.