Arnarstapi

Arnarstapi ƙauyen masunta ne a gefen kudu na zirin Snæfellsnes, yammacin ƙasar Ayislan, a gindin dutsen Stapafell. Bayansa kuma ga Snæfellsjökull, dutse mai aman wuta da ƙanƙara ta lulluɓe kansa, tsayinsa mita 1,446. Amansa na ƙarshe ya kai kusan shekara 1,800, kuma narkakken dutsen da ya kwarara tun da daɗewa ya daskare shi ne ya ba gaɓar wurin siffarta: baƙaƙen ginshiƙai, kogwanni, da dutsen nan mai huji da ake kira Gatklettur.

Littattafan 'yan yawon buɗe ido sukan fara tarihin ƙauyen da Bárður Snæfellsás, kamar dai mutum ne da aka san ranar haihuwarsa. Labarinsa kuwa sai a ƙarni na 14 aka rubuta shi, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin da ake cewa ya rayu, kuma labarin da kansa ya ce jininsa gauraye yake da na dodanni. An ce 'ya'yan ɗan'uwansa biyu, Rauðfeldur da Sölvi, suna wasa da 'yarsa Helga, sai aka tura ta kan wani ɓangaren ƙanƙara, teku ta tafi da ita har Girinlan. Bárður ya fusata, ya jefa ɗaya a kwazazzabo, ɗaya kuma daga kan tsauni, sannan ya shige cikin ƙanƙarar dutsen ya zama mai tsaron yankin. Kwazazzabon har yau sunansa Rauðfeldsgjá, tsaunin kuma Sölvahamar. Gunkin Bárður da baƙi ke ɗauka tsohon abu ne, Ragnar Kjartansson ya gina shi da duwatsu a 1985.

Tarihin da ke da takardu na kasuwanci ne. Daga 1565 wakilan sarkin Denmak suka zauna a Arnarstapi suna kula da gonakin sarauta na yankin. Daga 1602 zuwa 1787 sarki ya hana mutanen Ayislan ciniki da kowa sai fataken da ya ba izini, kuma ƙauyen na cikin tashoshin da aka ware, saboda duwatsu sun kare mashigar jiragensa daga igiyar ruwa. A lokacin, masunta suna fita da kwalekwale na tuƙin hannu, su shanya kifi a iska, su sayar a farashin da ba su da ta cewa a kai. Kifin ya tara jama'a: ƙidayar 1703 ta sami mutum 194 a Hellnar, ƙauyen da ke maƙwabtaka. Gidan katako baƙi da aka gina a ƙarshen wannan zamani yana nan tsaye. A Arnarstapi kuma aka haifi mawaƙi Steingrímur Thorsteinsson a 1831.

Daga nan ciniki ya koma wasu garuruwa, mutane suka ragu. Sunan wurin dai ya fita duniya a 1864, da marubucin Faransa Jules Verne ya sa matafiyan littafinsa suka yada zango a nan kafin su shiga cikin ƙasa ta bakin dutsen Snæfellsjökull.

Hanyar ƙafa tsakanin Arnarstapi da Hellnar, kimanin kilomita biyu da rabi, tana bin gaɓar da aka sa ƙarƙashin kariya a 1979. An kafa gandun ƙasa na Snæfellsjökull a 2001. Ƙananan jiragen kamun kifi suna fita daga tashar da bazara.