Ƙaramar Ƙofar Baitalami: Tarihin Kirsimeti da Ma'anarsa

Tun ina ƙaramin yaro, duk ran 25 ga Disamba da hantsi sai mu ga 'yar maƙwabciyarmu ta shigo da langa cike da shinkafa da miyar kaji, ta durƙusa ta ce, "Inna, wai a ba yara." Mu kuma in Babbar Sallah ta zo, ni ake ba cinyar rago in kai musu. Shekara da shekaru ana haka, amma da wani ya tare ni ya ce mece ce Kirsimeti, da amsar da zan ba shi ita ce sallar shinkafa da sababbin kaya. Sai da na zo jami'a, wani abokin kwanana Kirista ya tambaye ni dalilin layya, na feɗe masa biri har wutsiya. Ya ce, "To, kai me ka sani game da tamu?" Na yi tsuru-tsuru. Kunyar da na ji ran nan ita ta kai ni laburare, tun da matambayi ba ya ɓata. Ga abin da na samo.

Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne, Linjila ba ta faɗi ranar da aka haifi Almasihu ba, ba ta kuma faɗi watan ba. Cikin marubuta huɗu na Linjila, Matiyu da Luka kaɗai suka ba da labarin haihuwar. Ko shekarar ma, lissafin da wani malamin kirista mai suna Diyonisiyus ya yi a shekara ta 525, wanda kalandar Miladiyya ta samo asali daga gare shi, ya ɗan kauce. Matiyu ya nuna an yi haihuwar a zamanin Sarki Hirudus, alhali yawancin masana tarihi sun tafi a kan Hirudus ya mutu shekara 4 kafin farkon wannan kalanda.

Kiristocin farko kuwa ba su damu da bikin haihuwa ba. Babban idinsu shi ne na Ista, watau tunawa da mutuwa da tashin Almasihu kamar yadda suka yi imani. Wajen shekara ta 200, Kilemen na Iskandariya ya ambaci ranakun da mutane ke hasashe, wasu a Afrilu, wasu a Mayu, babu 25 ga Disamba a ciki. Orijin, wani babban malamin Iskandariya, har ma ya nuna cewa a cikin Littafi Mai Tsarki irin su Fir'auna da Hirudus ne aka ga suna shagalin zagayowar ranar haihuwarsu.

To, daga ina 25 ga Disamba ta fito? Shaida mafi daɗewa tana cikin wata kalanda da aka rubuta a birnin Rum a shekara ta 354, kuma jerin ranakun da ke cikinta ya nuna ana kiyaye ranar tun 336. Masana sun rabu gida biyu a kan dalilin zaɓenta. Wasu sun ce Rumawa suna ɗaukar wannan rana ita ce mafi gajarta a shekara, suna kuma girmama rana a matsayin abin bauta, musamman bayan Sarki Aureliyan ya gina mata haikali a 274. Sai Kiristoci suka ɗauki ranar suka sāke mata ma'ana. Wasu kuma sun ce lissafi ne kawai: an ɗauka ran 25 ga Maris Maryamu ta ɗauki ciki, in ka ƙirga wata tara sai ka faɗa kan 25 ga Disamba. Ƙasashen gabas sun fara da 6 ga Janairu, daga baya suka karɓi ranar Rum. Wajen 386 Yohanna mai laƙabin Bakin Zinariya ya yi wa'azi a Antakiya yana cewa bikin bai cika shekara goma da isowa garinsu ba. Har yau Armeniyawa na riƙe da 6 ga Janairu, Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha kuwa nasu yana faɗawa 7 ga Janairu saboda tsohuwar kalandarsu.

Nan na gane cewa ma'anar da aka ɗora wa ranar ita ce ta fi ranar kanta muhimmanci a wajensu, kuma ma'anar nan na ga ta kasu uku.

Ta farko ita ce haske. Agustin, malamin garin Hippo da ke ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya yi wa'azi a kan cewa an haifi Almasihu a ranar da ta fi kowace gajarta, daga ita kuma yini yake fara ƙaruwa. Duk wanda ya kwana a ƙauye cikin tsakiyar hunturu, dare ya yi tsawo, sanyi ya hana barci, ya san yadda ake ɗokin hudowar rana. Kiristoci suna cewa haka duniya take kafin zuwan Mai Ceto, shi ya sa ake kunna kyandir da fitilu a majami'u daren bikin.

Ta biyu ita ce gindin al'amarin, kuma a nan ne Musulmi da Kirista suka sha bamban. Mu Musulmi mun yi imani Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, manzo ne, budurwa ta haife shi da ikon Allah ba tare da uba ba, amma bawan Allah ne. Kiristoci kuwa sun yi imani Kalmar Allah ce ta zama mutum ta zauna cikin mutane. Sunan Imanuwel da suke kiransa da shi, da Ibrananci yana nufin Allah yana tare da mu. Su kansu sun yi doguwar jayayya a kan wannan batu, har Sarki Kwanstantin ya tara shugabanninsu a garin Nikiya a 325, inda aka ƙi ra'ayin Ariyus na Iskandariya. Cikin shekarun da suka biyo bayan taron nan ne bikin haihuwa ya bazu, don kuwa kowace shekara yana tuna wa mabiya abin da aka tsayar. Ban kawo wannan don jayayya ba. Na kawo shi ne domin wanda bai san shi ba, ba zai fahimci abin da maƙwabcinsa yake yi wa murna ba.

Ta uku ita ce tawali'u, ita ce kuma ta fi taɓa ni. Dubi yadda Luka ya tsara labarin. Ya fara da Kaisar Augustas, mai mulkin daular Rum, da ya ba da umurnin ƙidaya, sa'an nan ya juya ga matafiya biyu da suka rasa masauki a Baitalami, har aka kwantar da jariri a komin dabbobi. Waɗanda aka fara yi wa albishir makiyaya ne masu kwana a daji da garkensu. Da iyayen suka je Haikali, 'yan tsuntsaye biyu suka miƙa, hadayar da Attaura ta yarje wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Watau labarin yana cewa, a gidan talaka aka sauke babban baƙo.

Tarihi ya nuna duk lokacin da shagali ya nemi ya rufe wannan ma'ana, sai wani ya tashi ya tono ta. A 1223 Faransis na Asisi, ɗan attajirin da ya bar dukiyar ubansa, ya tara mutane a wani kogo a ƙauyen Gireco na Italiya, ya kawo komi da ciyawa da sa da jaki, don su ga da idonsu irin talaucin da aka yi haihuwar a ciki. A Ingila kuwa, masu tsananin riƙon addini sun ga bikin ya zama shaye-shaye da caca, sai majalisa ta soke shi a 1647, bai dawo ba sai 1660. A yankin Masacuset na Amurka, daga 1659 zuwa 1681 tarar sule 5 ake cin duk wanda aka kama yana bikin. Ko tsohon nan mai farin gemu da jan kaya da ake kira Baba Kirsimeti, asalinsa Nikolas ne, limamin garin Mira a ƙasar Turkiyya ta yau a ƙarni na 4. Ana ba da labarin yakan jefa kuɗi cikin dare gidan wani matalauci don ya aurar da 'ya'yansa mata uku, ba tare da an san mai bayarwa ba. Sadaka ce ta ɓoye, ga ta yau ta koma tallar kantuna.

A Baitalami akwai majami'ar da Kwanstantin ya sa aka gina bisa kogon da ake cewa nan aka yi haihuwar. An buɗe ta a 339, Sarki Jastiniyan ya sāke gina ta a ƙarni na 6. Da can ƙofarta doguwa ce, amma aka yi ta rage ta don hana mahaya da masu wawaso shiga, har ta zama ba ta kai ƙafa 5 ba. Yanzu ko sarki ko bafade, sai ya sunkuya kafin ya shiga. Suna kiranta Ƙofar Tawali'u. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya. A ganina ƙofar nan ta tattara darasin bikin gaba ɗaya.

Daga ƙarshe, mu tuna labarin wannan haihuwa ya taɓa zama garkuwa ga Musulmi. Wajen 615, da sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha, Kuraishawa suka bi su suna neman a mayar da su. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta Suratu Maryam a gaban Najjashi, sarki Kirista, har ya yi hawaye, ya ƙi ba da su. Ja'afar bai ɓoye aƙidarsa ba, kuma an zauna lafiya.

Na koma na gaya wa abokin kwanan nan nawa abin da na karanto. Ya yi dariya ya ce rabinsa shi ma bai taɓa ji ba. Bana in langar shinkafa ta shigo gidanmu, zan karɓa ina sane da abin da ake tunawa. 'Yan'uwana Kiristoci kuma, ina fata in an zo rabon, a fara da gidan da ba a ɗora tukunya ba. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.