Mutumin da Bai Kai Tsawon Yatsa Ba

A gidajen wasan kwaikwayo na Turai, kafin kafinta ya buga ƙusa ko guda a kan dandamali, sai mai tsara dandamalin ya fara gina komai a cikin ɗan akwati, da kwali da katako da gam. A Ingila ma'aunin da aka saba shi ne 1:25, wato kowace santimita ɗaya a akwatin tana wakiltar 25 a zahiri. A Amurka, inda ake awo da inci, an fi amfani da 1:24 ko 1:48. A tsakiyar wannan ƙaramin gini akan tsayar da ɗan mutum-mutumi da aka lanƙwasa da waya ko aka yanka daga kwali. Mutum mai tsawon mita 1.75 yakan koma santimita 7 kacal.

Wannan ɗan abu shi ne alƙalin akwatin. In babu shi, ido ba ya iya bambance ƙofar ɗaki da ƙofar gari. Da zarar an tsayar da shi, sai kowane bango ya bayyana tsawonsa na gaskiya, a gane ko ɗan wasa zai iya hawa matakalar da aka zana ko kuwa a takarda kawai ta yi kyau.

Al'adar ta daɗe. Tun a ƙarni na 18 Philip James de Loutherbourg, wanda ya yi wa David Garrick aiki a gidan wasan Drury Lane na Landan, yana haɗa ƙananan samfura na dandamalinsa. Amma wanda ya mayar da ɗan mutum-mutumin abin muhawara shi ne Edward Gordon Craig, ɗan shahararriyar 'yar wasa Ellen Terry, wanda aka haifa a 1872.

Craig ya taso yana wasa a dandamali, daga baya ya bari, ya tare a Florence ta Italiya, inda ya gina ƙaramin dandamali na gwaji. Ya ƙirƙiro wasu dogayen alluna masu naɗewa da za a iya jujjuya su a sami fada ko lungu ko maƙabarta, ba tare da an zana komai a jikinsu ba. Domin gwada su, ya sassaƙa mutane daga siraran katakai, yana matsar da su yadda ya ga dama. Ba su musu, ba su gajiya, ba su da ra'ayi. A 1908 ya buga wata maƙala a mujallarsa mai suna The Mask, yana cewa ɗan wasa mai jini a jika bawan motsin zuciyarsa ne, don haka ya kamata wata irin babbar 'yar tsana ta maye gurbinsa. Har yau masana na jayayya kan abin da yake nufi. Ni dai ina ganin wanda ya shekara yana ba katako umarni, da wuya ya yi haƙuri da mutum.

A wannan shekarar ce Konstantin Stanislavski ya gayyace shi Mosko don su shirya wasan Hamlet na Shakespeare. Craig ba ya jin Rashanci, saboda haka yawancin bayaninsa a gaban akwatin ya yi shi, yana tura mutanensa na katako tsakanin alluna. A ƙarami, abin ya burge kowa. Da aka zo ɗaga shi zuwa girman gaske, sai nauyi ya shigo cikin lissafi. An gwada ƙarfe, an gwada katako, duk suka yi wuyar turawa, aka ƙare da firam ɗin itace da aka ja wa zane mai kauri. Stanislavski ya ba da labari cewa gab da buɗe wasan wani allo ya faɗi a kan na kusa da shi, suka zube ɗaya bayan ɗaya. Dole aka riƙa sauke labule in za a sauya fage, alhali burin Craig shi ne 'yan kallo su ga bangayen suna tafiya a gabansu. An buɗe wasan a farkon Janairun 1912 bisa kalandarmu ta yau.

Daga baya wani mai tsara dandamali Ba'amurke, Lee Simonson, ya juya wa Craig makaminsa. Ya ɗauki tsawon ƙananan mutanen da ke cikin zanensa, ya auna bangayen da su, ya nuna cewa wasunsu sai sun kai tsayin bene mai hawa da yawa, abin da rufin gidan wasa ba zai ɗauka ba.

Su kuwa mutanen katakon, sun bi wata hanyar daban. Craig ya lura cewa in ya shafa musu tawada ya danna a takarda, sukan bar baƙar siffa mai ɗaukar ido. Daga nan aka samo hotunan da suka ƙawata bugun Hamlet na maɗaba'ar Cranach da ke Weimar a Jamus, wanda na Turancinsa ya fito a 1930.