Fitilar LED ta renon shuka: Yadda ake haɗa ta a gida da yadda ake sanyaya ta

Fitilar renon shuka fitila ce da ake ratayawa a saman tsirrai domin ta maye musu gurbin hasken rana a wurin da rana ba ta shiga. A ƙasar da rana ke kwana da tashi kamar Najeriya, babu fitilar da za ta kai hasken Allah arha, don haka amfaninta ya taƙaita ga wasu buƙatu: mazaunin gidan bene da ba shi da tsakar gida, mai sayar da furanni a cikin shago, da mai renon irin tumatir, tattasai, attarugu, latas ko na'ana'a a ɗaki lokacin da zafin bazara ke ƙone ƙananan dashe a waje. Ana iya haɗa ta da kayan da ake samu a shagunan kayan lantarki, kamar na Kasuwar Sabon Gari a Kano ko Kasuwar Alaba a Legas. Sai dai kuskure a wajen haɗa waya ko sanyaya fitilar kan jawo asarar kuɗi, wani lokaci ma gobara.

Asalinta

An ƙirƙiri LED mai jan haske a Amurka a 1962, ta hannun Nick Holonyak. Mai shuɗin haske ta zo ne a farkon shekarun 1990, kuma aikinta ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Daga shuɗiyar ake samar da farar LED, ta hanyar lulluɓe ta da wani sinadari mai launin rawaya. A watan Agustan 2015, 'yan sama jannati a Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa sun ci latas da aka rena a ƙarƙashin irin wannan fitila.

Hasken da shuka ke so

Ganye na haɗa abincinsa da haske mai tsawon zango tsakanin nanomita 400 zuwa 700, kuma ya fi zuƙar shuɗi, wajen nanomita 450, da ja, wajen 660. Shuɗi na sa kara ya yi kauri, shuka ta taru wuri ɗaya. Ja kuma na taimaka wa girma da fitar fure. Wannan ne dalilin da ya sa fitilun farko suke da launin algashi mai ɗaukar ido. A yau an fi amfani da farar LED mai lamba 4000K ko 5000K, domin tana ɗauke da launukan biyu, sannan tana bai wa mai lambu damar ganin ainihin launin ganye, ya gane cuta ko ƙwaro da wuri.

Kayan aiki da lissafi

Hanya mafi sauƙi ga mai koyo ita ce amfani da zaren LED mai aiki da bolt 24, wanda ake sayarwa a naɗe. Ga misalin teburi mai tsawon santimita 120 da faɗin 60, wanda zai ɗauki tire da yawa na iri.

Ana buƙatar zare shida, kowanne mita ɗaya, daga nau'in da ke cin wat 14.4 a kowace mita. Jimla wat 86.4 ke nan. Idan aka raba wannan da bolt 24, za a samu amfiya 3.6, wato yawan wutar da za ta bi ta cikin babbar waya. Ƙa'ida ita ce a sayi adafta da ta fi buƙata da aƙalla kashi 20 cikin 100, don kada ta riƙa aiki a ƙarshen ƙarfinta. A nan, mai bolt 24 da amfiya 5, wato wat 120, ita ce daidai.

Sauran kayan su ne sandunan alminiyom shida irin na masu ƙera taga, waya mai kaurin 1.5mm, fiyus mai amfiya 5, dalma da ƙarfen liƙi, bututun roba mai tsukewa da zafi, fanka, sarƙar rataya, na'urar ƙayyade lokaci, da mitar gwajin wuta.

Mai saye ya yi hattara da lambar da ke jikin kwali. Akan samu zaren da wat ɗinsa na gaskiya bai kai wanda aka rubuta ba, kuma mitar gwaji ce kaɗai ke tona wannan asiri.

Haɗa waya

Ana yanka zaren ne kawai a kan layin da aka yi wa alamar almakashi. A goge alminiyom ɗin tas, a manna zare ɗaya a kan kowace sanda, sannan a jera sandunan a kan firam, da tazarar kimanin santimita 10 tsakaninsu.

Zaren bolt 24 ana haɗa shi ne gefe da gefe: duk wayoyi masu alamar + su haɗu a wuri ɗaya, masu alamar – su ma a wuri ɗaya, kowane zare da nasa reshen daga babbar waya. Idan aka bi da wuta ta cikin zare na farko zuwa na shida a jere, na ƙarshe zai dusashe, na farko kuma ya ɗauki zafi fiye da kima. Fiyus yana zama a kan wayar +, kusa da adafta. Kowane mahaɗi a liƙe shi da dalma a rufe, domin wayar da aka murɗe da hannu kawai takan saki, ta yi tartsatsi.

Ga wanda ya zaɓi manyan ƙwayoyin LED masu wat 3, tsarin ya sha bamban. Waɗannan ana sarƙa su ne ɗaya bayan ɗaya, + na wannan zuwa – na wancan, a ba su wuta ta na'urar da masu sana'a ke kira direba, mai fitar da amfiya tsayayye. Farar ƙwaya ɗaya na buƙatar kimanin bolt 3.3 a miliamfiya 700, saboda haka goma a jere suna buƙatar kimanin bolt 33, kuma dole direban ya kasance mai kaiwa wannan adadi. Haɗa irin waɗannan gefe da gefe na da haɗari, domin wadda ta fi zafi takan ƙara jan wuta, ta ƙara zafi, har ta ƙone. Haka kuma ba a jona ƙwayoyin alhali direba na kunne.

Ɓangaren wutar gida, wadda a Najeriya bolt 230 ce, shi ne mai kisa. A sabon tsarin launuka, waya mai ruwan ƙasa ita ce mai rai, shuɗiya ita ce ta komawa, mai kore da rawaya kuma ta ƙasa. A tsohon tsari, ja da baƙa da kore ne. Dole a haɗa wayar ƙasa da adafta, da kuma firam idan adaftar na jikinsa. Wanda bai taɓa wannan aiki ba ya kira ƙwararren mai gyaran wuta. Adafta kuma a ɗaure ta a sama, nesa da inda ake ban ruwa.

Sanyaya fitila

LED ba ta ƙona hannu daga gaba kamar tsohon ƙwan lantarki, amma kusan rabin wutar da take ci, ko fiye, na komawa zafi a bayanta. Idan zafin bai samu hanyar fita ba, haske zai ragu, launi ya canza, fitilar da aka yi don ta yi shekaru ta mutu cikin watanni.

Alminiyom ya fi baƙin ƙarfe saurin watsa zafi har kusan ninki huɗu, shi ya sa ba a manna zare a kan katako, roba ko kwali. Manyan ƙwayoyi suna buƙatar alminiyom mai haƙarƙari, da ɗan man isar da zafi irin na kwamfuta a tsakani, a shafa shi siriri.

A garuruwa irin su Kano, Sakkwato da Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, alminiyom kaɗai ba ya wadatarwa. A sa fanka mai faɗin milimita 120 tana hura bayan sandunan. Fankar kwamfuta yawanci bolt 12 ce, za ta ƙone a kan bolt 24, don haka a nemi mai bolt 24 ko a ba ta ƙaramar adafta ta daban. A bar sarari aƙalla santimita 10 a saman fitilar don iska ta wuce.

Gwaji mai sauƙi shi ne a kunna fitilar awa ɗaya, a taɓa alminiyom ɗin. Idan hannu ya kasa jurewa na daƙiƙa biyar, zafin ya kusa ko ya wuce digiri 60, sai a ƙara iska ko ƙarfe. A lokacin hunturu, ƙura na toshe fanka, don haka a kashe wuta a kakkaɓe ta duk mako.

Yadda ake amfani da ita

A rataye fitilar santimita 20 zuwa 30 a saman ganye, a riƙa ɗaga ta yayin da shuka ke tsawo. Dashen da ya yi dogon kara siriri yana karkata, haske ne ya yi masa kaɗan. Wanda ganyensa ya yi fari ko ya naɗe, fitila ta matso shi da yawa. Awa 14 zuwa 16 na haske a rana sun isa, kuma shuka na buƙatar duhu a sauran sa'o'in. Na'urar ƙayyade lokaci mai ƙaramin batiri a ciki ta fi dacewa, domin mai juyawa da ƙarfin wuta takan rasa lissafi duk lokacin da aka ɗauke wuta.

Fitilar wannan misali tana cin kimanin yunit 1.4 a awa 16, wato kusan yunit 42 a wata, ban da abin da adafta da fanka ke ci. Wannan shi ne lissafin da ɗan kasuwa zai auna da farashin abin da zai girba kafin ya sa kuɗinsa. Mai amfani da sola ya sani cewa batirin bolt 24 kan haura bolt 28 lokacin caji, abin da ke gajarta ran zaren, sai an sa na'urar daidaita wuta a tsakani.

Dashen tumatir kan isa komawa lambu bayan mako huɗu zuwa biyar. Kafin nan, a shafe mako guda ana fitar da shi waje, a fara da awa ɗaya ko biyu da sassafe, ana ƙarawa kullum, domin ganyen da ya tashi a ƙarƙashin fitila ba ya jure rana tsaka farat ɗaya.