Hukuncin Waje da Ƙarfin Gida: Darasin Shari'ar Hadijatu Mani

Mu da muka tashi a Dawakin Kudu mun san yadda rikicin gona ke ƙarewa. Alƙali ya yanke, ma'aikacin kotu ya zo a nuna iyaka, mai unguwa na tsaye. Alƙalin da gonar duk a ƙasa ɗaya suke. To idan kotun tana wata ƙasa fa, wanda aka kayar kuma gwamnati ce sukutum? Wa zai sa ta bi?

Tarihin wata mata daga yankin Birnin Ƙonni a Nijar ya ba mu amsa. A 1996 aka sayar da Hadijatu Mani, tana da shekara 12, a kan Sefa 240,000, ta zama wahaya a gidan wani attajiri. Nijar ta mai da bautar da mutum babban laifi a 2003, kuma a 2005 mutumin ya ba ta takardar 'yanci. Amma ya hana ta tafiya, wai ai matarsa ce. Kotun farko a Ƙonni ta ce babu aure, ta gaba ta rushe wannan hukunci. Da Hadijatu ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata 6 bisa laifin aure kan aure.

A 2007, da taimakon ƙungiyar Timidria, ta kai ƙarar ƙasarta Kotun ECOWAS mai mazauni a Abuja. Shekara 2 kafin nan aka yi wa dokar kotun gyara, aka ba ɗaiɗaikun mutane damar shigar da ƙarar take haƙƙi da kansu. Lauyoyin Nijar suka ce ba ta gama da kotunan gida ba, don haka kotun waje ba ta da hurumi. Alƙalan suka ce dokarsu ba ta gindaya wannan sharaɗi ba. Suka yi zama a Yamai, kuma a ranar 27 ga Oktoba 2008 suka ce Nijar ta kasa kare 'yarta daga bauta, ta biya ta diyyar Sefa miliyan 10. Gwamnati ta amince, ta biya.

Mu lura, kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Takarda kawai take aikawa, hukumar da ƙasa ta ware ita ke aiwatarwa bisa dokokin gida. Shi ya sa sauran labaran suka sha bamban. A Oktoba 2016 kotun ta umarci Nijeriya ta saki Sambo Dasuki, amma bai fito ba sai Disamba 2019. A Disamba 2023 ta umarci a saki Mohamed Bazoum, sojojin da suka hamɓarar da shi suka yi kunnen uwar shegu. Hukuncin da kuɗi ke sharewa ya samu shiga, wanda ya taɓa mulki kuwa ya maƙale a bakin ƙofa.

A Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Yarinyar Ƙonni da kotunan gida suka juya wa baya a yau ba ta da hanyar da Hadijatu ta bi.

Mu a Nijeriya ƙofar na buɗe, amma amfaninta ya dogara da ko gwamnati za ta bi umarni ranar da bai yi mata daɗi ba. Idan muka yi shiru don wanda aka hana wa haƙƙi ba namu ba ne, mu tuna cewa manomin da hukuma ta karɓe wa gona ba diyya, a Kura ko Bunkure, ta wannan ƙofar zai bi idan na gida suka gaza.