Tamanrasset: yadda ake mayar da ma'aunin amfiya mai allura ya koma ma'aunin volt

Daga Tamanrasset, a kudancin Aljeriya, zuwa In Gezzam da ke kan iyakar Nijar, tafiyar kimanin kilomita 400 ce cikin hamada. Direban da batirinsa ya mutu a wannan hanya ya shiga haɗari. Shi ya sa sanin ƙarfin batir ke da muhimmanci ga direbobi da masu farantan sola. Ana iya haɗa ma'aunin da tsohuwar na'ura mai allura.

A cikin na'urar akwai naɗin siririyar waya a tsakanin bakin maganaɗisu. Idan lantarki ya ratsa wayar, sai naɗin ya juya da allurar. Bafaranshe Arsène d'Arsonval ne ya fito da wannan tsari a shekarun 1880. Abin da allurar ke aunawa shi ne yawan lantarkin da ke gudana, wato amfiya. Don ta nuna volt, sai a jona mata rezista a jere, ta rage gudun.

Lissafin ya dogara ne kan dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827: a raba volt da amfiya, a sami om. Misali, allurar da ke kai ƙarshe da miliamfiya 1, mai turjiyar om 100 a cikinta. In ana son ta auna har volt 15, jimlar turjiya om 15,000 ce. A cire 100, saura 14,900, girman rezistar ke nan. Manyan motoci masu volt 24 suna buƙatar ma'aunin volt 30, wato om 29,900. Daga nan sai a sake rubuta lambobin fuskarta, a gwada da ma'auni mai inganci.

Cikakken batir mai volt 12 da ke hutawa yana nuna kusan 12.6. Idan inji na aiki, 13.8 zuwa 14.4 alama ce yana caji.

Ana ɗora jar waya kan ƙafar batir mai alamar +, baƙa kan ɗayar. Jona allurar ba rezista yana ƙone naɗin nan take. Haka kuma, kada a kai ta ga wutar gida mai volt 230: ba irin lantarkinta ba ne, kuma yana iya kisa.